Yadda manhaja ke sake tashi da kanta a hannun masu gina ta

A ofisoshi da ɗakunan aiki na unguwar GRA da ke birnin Katsina, kamar yadda yake a sauran biranen duniya, masu gina manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa sun saba da wani abu da ke faruwa a gabansu sau da dama a rana. Da zarar mutum ya gyara layi ɗaya a cikin rubutun manhajar da yake ginawa ya adana shi, sai manhajar ta tsaya, ta sake tashi da kanta ɗauke da gyaran, ba tare da an taɓa wani maɓalli ba.

Dabarar ƙarama ce, kuma akasarin kayan aikin da ke yin ta kyauta ake samun su. Amma ta sauya yadda ake koyon sana'ar da yadda ake yin ta, kuma tana da wurin da ya dace da ita, wato kwamfutar maginin manhaja. Idan aka fita da ita daga nan aka kai ta inda jama'a ke amfani da manhajar, tana iya zama ƙofar ɓarna.

Me ya sa sai an sake tayar da manhaja?

Manhaja dai rubutu ce. Maginin manhaja yana rubuta umarni layi bayan layi da wani yare na musamman, kamar Python ko JavaScript ko Java, ya ajiye a cikin fayiloli a faifan ajiyar kwamfuta.

Lokacin da aka tayar da manhajar, kwamfuta tana karanta waɗannan fayiloli, ta fassara su zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta ɗora a ma'adanarta ta wucin gadi. Daga nan kuma ba ta sake waiwayar fayilolin ba. Abin da ta ɗora da farko shi take aiki da shi har sai an kashe ta.

Ma'anar haka ita ce, idan mutum ya gyara rubutun da ke kan faifai, manhajar da ke gudana ba ta san an yi ba. Lamarin ya yi kama da na direban da aka ba shi takardar sako tun da asuba ya kama hanya. Duk gyaran da aka yi wa kwafin da ke ofis ba zai kai gare shi ba, sai an kira shi ya dawo ya karɓi sabuwar takarda.

Bisa al'ada, maginin manhaja kan koma allon umarni, ya danna Ctrl da C domin kashe manhajar, ya sake rubuta umarnin tayar da ita, ya jira, sannan ya koma burauza ya sabunta shafi. Idan aka ƙaddara cewa wannan zagaye yana cin daƙiƙa 30, kuma mutum ya yi gyara sau 100 a rana, to minti 50 ke nan suka tafi a jira kawai.

Masana harkar sun fi damuwa da wani abu da ya wuce lokacin da ake asara. Wanda ke bin diddigin kuskure yana riƙe da abubuwa da yawa a ransa a lokaci guda, kuma kowane katsewa na zubar da wasu daga ciki. Ga kuma mantuwa. Kusan babu ɗalibin da bai taɓa shafe rabin sa'a yana neman dalilin da ya sa gyaransa bai yi aiki ba, alhali kuwa manhajar ce bai sake tayarwa ba.

Asalin dabarar

Tunanin cewa kwamfuta ta gane da kanta wane fayil ne ya sauya ya girmi intanet kamar yadda aka san ta a yau. A shekarar 1976, Stuart Feldman na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna make. Aikinta shi ne ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil na ƙarshe, ta sake fassara waɗanda suka sauya kawai, ta ƙyale sauran. Har yau ana amfani da ita.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai yarukan da tun farko aka tsara su domin a riƙa gyara manhaja tana kan gudana. Lisp, wanda John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958, da Smalltalk na cibiyar Xerox PARC a shekarun 1970, duka suna ba mutum damar sauya wani sashe ya ga sakamako nan take. Kamfanin sadarwa na Ericsson da ke Suwidin ya kai abin wani mataki da yaren Erlang, wanda aka fara a 1986, saboda na'urorin haɗa kiran tarho ba a so a kashe su ko na minti ɗaya. Erlang na iya riƙe tsohuwar siga da sabuwa ta sashe ɗaya a lokaci guda, har kiran da ke kan hanya su ƙare.

Masu aiki da PHP, yaren da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, ba su ma san matsalar ba a farkon lamari. A tsarin PHP, duk lokacin da wani ya buɗe shafi ana karanta fayil ɗin daga farko, saboda haka gyara yana bayyana da zarar an sabunta shafin. Wannan sauƙi na daga cikin dalilan da suka sa yaren ya samu karɓuwa wajen masu koyo, ciki har da ɗaliban Najeriya da suka fara da XAMPP a kwamfutarsu. Ko da yake daga baya, bayan da aka saka OPcache a sigar 5.5 a 2013, shi ma PHP ya koma riƙe fassarar fayil a ma'adana, yana duba ko ya sauya bayan kowace daƙiƙa 2 idan ba a canza tsarin ba.

Matsalar ta fi tsanani ga yarukan da manhajarsu ke tashi sau ɗaya ta zauna tana jiran baƙi. Kayan gina shafukan intanet na Ruby on Rails, da ya fito a 2004, da Django, da ya fito a watan Yulin 2005, sun zo da maganin a cikinsu. Django ma a ɗakin labarai aka haife shi, a jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas, inda masu gina manhaja ke aiki da agogon 'yan jarida, wanda ba ya jiran kowa.

Node.js kuwa, wanda Ryan Dahl ya gabatar a 2009, ya zo ba tare da wannan dama ba. A 2010 wani maginin manhaja ɗan Birtaniya mai suna Remy Sharp ya rubuta nodemon domin cike giɓin, kuma ya zama ɗaya daga cikin abubuwan farko da ake koya wa duk mai fara Node.js. Sai a watan Oktoban 2022 ne Node.js da kansa ya samu umarnin --watch a sigar 18.11, aka kuma ayyana shi a matsayin wanda ya kammala gwaji a sigar 22 a watan Afrilun 2024.

Hanyoyi biyu na gadin fayil

A nan ne ainihin aikin yake. Domin a sake tayar da manhaja idan fayil ya sauya, dole a samu mai gadi da zai san cewa ya sauya. Hanyoyi biyu ake bi.

Ta farko ita ce zagaye. Mai gadin yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar babbar manhajar kwamfuta lokacin da aka taɓa kowanne na ƙarshe, ya kwatanta da abin da ya gani a zagayen baya. Idan ya gama sai ya ɗan huta ya sake. Haka Django ke yi idan ba a ƙara masa komai ba: kowace daƙiƙa 1 yana duba fayilolin Python da manhajar ta ɗora.

Amfanin wannan hanya shi ne tana aiki kusan a ko'ina. Illarta kuma ita ce tana cin ƙarfin na'ura ko an yi gyara ko ba a yi ba. Idan aka saka mai gadi ya zagaya fayil 30,000 kowace daƙiƙa, zai yi tambaya sau miliyan 108 a cikin sa'a guda, kuma wataƙila fayil 10 ne kawai suka sauya a tsawon wannan lokaci.

Hanya ta biyu ita ce sanarwa. Tun da babbar manhaja ce ke rubuta kowane abu a kan faifai, ita ta fi kowa sanin abin da ya sauya. Don haka mai gadin sai ya yi rajista a wurinta, ya ce a sanar da shi idan an taɓa wani abu a jaka kaza, sannan ya koma barci. Ba ya cin komai har sai sanarwar ta zo.

Kowace babbar manhaja da irin nata tsarin. Windows na da ReadDirectoryChangesW tun zamanin Windows NT. FreeBSD ta samu kqueue a shekarar 2000. Linux ta samu inotify a sigar 2.6.13 a watan Agustan 2005, aikin John McCutchan da Robert Love. Kamfanin Apple ya gabatar da FSEvents a 2007 tare da Mac OS X Leopard.

Da yake waɗannan tsare-tsare sun sha bamban, kuma kowanne da halinsa, an samu manhajojin tsakani da ke ɓoye bambancin. Chokidar, wanda nodemon ke dogara da shi, yana cikinsu. Haka ma Watchman da kamfanin Facebook ya saki a 2013 domin gadin manyan ayyuka masu fayiloli bila adadin. Tun daga sigar 2.2 ta watan Afrilun 2019, Django kan bar zagaye ya koma amfani da Watchman idan ya tarar an saka shi a kwamfutar.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙa ɗaya

Mai kallo zai ga kamar manhaja ɗaya ce ke gudana, amma a haƙiƙa biyu ne, uwa da 'ya. Uwar ba ta yin komai sai tayar da 'yar, ita kuma 'yar ce ke ɗauke da ainihin aikin. A Django da Flask, idan aka ga fayil ya sauya, 'yar tana fita da wata lamba ta musamman, wato 3, wadda uwar ta fahimta a matsayin buƙatar a haifi sabuwa. A nodemon kuwa uwar ce ke gadi, ita ce kuma ke aika wa 'yar siginar tsayawa.

Wannan tsari na da wani sakamako da kan ruɗa masu koyo. Duk umarnin da aka rubuta ya gudana da zarar manhaja ta tashi, a Django da Flask yana iya gudana sau biyu, sau ɗaya a uwa, sau ɗaya a 'ya. Idan umarnin na aika saƙon tes ne ga iyayen yara, to kowane uba zai samu saƙo biyu, kuma kuɗin saƙon daga aljihun wani zai fita. Shi ya sa Django ya tanadi umarnin --noreload domin kashe dabarar idan buƙata ta taso.

Akwai kuma batun haƙuri. Adana fayil ɗaya ba motsi ɗaya ba ne a idon babbar manhaja. Manhajojin rubutu da yawa kan fara rubuta sabon abun a wani fayil na wucin gadi, sai sun gama tsaf su sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Hikimar ita ce idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, tsohon fayil ɗin yana nan lafiya, abin da duk mai aiki a Najeriya zai yaba. Sai dai ga mai gadi, wannan na bayyana a matsayin sanarwa uku ko huɗu a jere.

Da a ce kowace sanarwa za ta sa a sake tayar da manhaja, da aikin ya rikice. Don haka masu gadin kan jira ɗan lokaci bayan sanarwar farko, a nodemon kimanin daƙiƙa 1, har ƙura ta lafa, sannan su tayar sau ɗaya.

Wani lokaci kuma tsohuwar 'ya ba ta mutuwa da wuri. Kowace manhaja da ke amsa baƙi tana zama ne a wata ƙofa mai lamba, kamar 8000 ga Django ko 5000 ga Flask, kuma manhaja biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya. Idan sabuwar ta zo ta tarar tsohuwar ba ta tashi ba, sai ta faɗi da saƙon EADDRINUSE, wanda ke nufin adireshin na hannun wani. Maganin shi ne a rubuta manhajar ta yadda idan aka ce ta tsaya za ta rufe ƙofarta da hanyarta ta zuwa rumbun bayanai kafin ta fita.

Gyara ba tare da kashewa ba

Sake tashi na da farashi: duk abin da manhajar ke riƙe da shi a ma'adanar wucin gadi yana gogewa. Alal misali, wanda ke gina manhajar rajistar ɗalibai, idan yana gyara shafi na 4 na fom, kowane sake tashi zai mayar da shi shafi na 1, ya sake cike suna da aji da sunan uba kafin ya ga ko gyaransa ya yi.

Saboda haka aka nemi hanyar cusa gyara a cikin manhaja tana raye. Java ta samu wani ɓangare na wannan a sigar 1.4 a 2002, ko da yake ƙananan gyare-gyare na cikin aiki guda kawai take karɓa. Wani kamfani na ƙasar Estoniya, ZeroTurnaround, ya gina kasuwanci a kan wannan gazawa da manhajarsa ta JRebel daga 2007, abin da ke nuna cewa kamfanoni na shirye su biya kuɗi domin rage wa ma'aikatansu jira. Spring Boot kuma ya bi tsakiya a sigar 1.3 ta 2015: yana raba kayan da aka aro daga wasu magina, waɗanda ba sa sauyawa, da rubutun mai aikin, sai ya sake ɗora na biyun kawai.

A watan Janairun 2012, Bret Victor, wanda ya taɓa aiki da Apple, ya gabatar da wata lacca a birnin Montreal na Kanada mai suna Inventing on Principle, inda ya nuna cewa mai ƙirƙira na buƙatar ganin sakamakon abin da hannunsa ya yi ba tare da ɓata lokaci ba. Laccar ta yi tasiri sosai a kan kayan aikin da suka biyo baya.

A fannin shafukan intanet, webpack na Tobias Koppers ya kawo musanya sashe guda na shafi ba tare da sabunta shafin gaba ɗaya ba, Dan Abramov ya ɗora React Hot Loader a kai a 2014, sannan Vite na Evan You ya zo a 2020 da saurin da ya sa mutane da yawa suka koma gare shi. Ga masu gina manhajar wayar salula kuma, Flutter na kamfanin Google, wanda sigarsa ta farko ta fito a watan Disamban 2018, ya bambanta abu biyu a sarari: ɗaya yana cusa gyara ya bar mutum a shafin da yake, ɗayan yana share komai ya fara daga tushe.

Yadda magina suka ɗauki abin da muhimmanci ya fito fili a watan Oktoban 2021, lokacin da kamfanin Microsoft ya cire wannan dama daga kayan aikin .NET 6 na allon umarni, ya bar ta a manhajarsa ta Visual Studio kaɗai. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa kamfanin ya janye matakin cikin 'yan kwanaki.

Sai dai cusa gyara ba ya da tabbacin da sake tashi ke da shi. Manhajar da aka yi wa gyara 50 tana raye tana iya kasancewa cikin wani hali da sabuwar manhaja ba za ta taɓa shiga ba, ta yi aiki a kwamfutar mai ita ta ƙi yi a ta abokin ciniki. Ƙwararru kan kashe komai su tayar daga tushe kafin su yarda cewa aiki ya kammala.

A teburin aiki a Katsina

Unguwar GRA, wadda aka keɓe wa jami'an gwamnati a wajen ganuwar birni tun zamanin Turawa, a yau tana ɗauke da ofisoshi da makarantu masu zaman kansu da otal-otal da dakunan shan magani, irin wuraren da ke neman ƙananan manhajoji na rajista da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗi. Masu gina su kuma galibi matasa ne da suka fito daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, ko Jami'ar Al-Qalam ta 2005, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da nufin horar da mutum miliyan 3, ya ƙara yawan masu shiga fagen.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne dabarar ba ta buƙatar intanet. Komai na faruwa ne a cikin kwamfuta ɗaya, don haka ba ta cin data.

Abin da take ci shi ne batir, kuma a nan ne bambanci tsakanin zagaye da sanarwa ya zama batun kuɗi. Wutar kamfanin KEDCO, mai rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ba ta da tabbas, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareta domin kwamfuta ɗaya ya zama abin da ake lissafawa. Mai gadin da ke zagaye ba ya barin na'ura ta huta, sai fankar kwamfuta ta yi ta juyawa, musamman a zafin watan Afrilu, batir kuma ya ƙare kafin lokacinsa. Takardun koyarwa da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba kasafai suke ambaton wannan ba.

Mataki mafi amfani shi ne rage abin da ake gadi. Jakar node_modules, inda kayan aro ke zama, kan ƙunshi dubban fayiloli da mai aikin ba zai taɓa gyarawa ba. Nodemon na tsallake ta da kansa, haka ma jakar .git, amma wasu kayan aikin sai an gaya musu.

A Linux, rashin yin haka na haifar da wani saƙon kuskure mai ɓatarwa. Tsarin inotify yana buƙatar rajista daban ga kowace jaka, kuma shekaru da yawa iyakarsa ita ce 8,192. Idan aka wuce iyakar sai a ga ENOSPC, wanda asalin ma'anarsa shi ne babu sauran wuri a faifai. Mutane da yawa sun goge hotuna da fina-finai suna neman wuri, alhali faifan ba shi da laifi. Daga sigar 5.11 ta 2021, Linux ta koma ƙayyade iyakar gwargwadon girman ma'adanar kwamfutar.

Akwai kuma wuraren da sanarwa ba ta isowa sam. Masu amfani da WSL 2, tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows tun 2020, kan tarar cewa idan fayilolinsu na ɓangaren Windows, ɓangaren Linux ba ya jin labarin sauyinsu. Haka lamarin yake da jakar da aka raba da VirtualBox, da faifan da ke wata kwamfuta ta hanyar sadarwar ofis. A irin wannan hali, ko dai a kwashe aikin zuwa cikin Linux ɗin, wanda shi ya fi, ko a tilasta zagaye, kamar da umarnin -L na nodemon, a kuma yarda da abin da zai ci.

Tsoffin kwamfutoci na hannu, waɗanda su ne aka fi saye, na da tasu matsalar. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ciki ya mutu, kwanan wata kan koma baya duk lokacin da aka kunna. Kayan aikin da ke kwatanta lokuta, irin su make, sai su ɗauka sabon gyara ya girmi tsohon aiki, su ƙyale shi. Filas ɗin da ke kan tsarin FAT32 kuma yana rubuta lokaci ne da tazarar daƙiƙa 2, saboda haka gyara biyu da aka yi a jere na iya bayyana kamar ɗaya.

Wani kuskure da aka saba gani shi ne manhaja ta riƙa rubutu a cikin jakar da ake gadi. Ɗalibin da ya ajiye bayanansa a fayil ɗin JSON kusa da rubutun manhajarsa zai ga cewa duk lokacin da aka yi wa ɗalibi ɗaya rajista manhajar ta sake tashi, domin nodemon na gadin irin wannan fayil. Idan kuwa tana rubutun ne a daidai lokacin tashi, to ta shiga zagayen da ba shi da ƙarshe. Haɗa dabarar da adanawa ta kai tsaye a Visual Studio Code, wadda ke adanawa daƙiƙa 1 bayan an daina bugawa, shi ma kan sa manhaja ta yi ta faɗuwa a kan layin da ba a gama rubutawa ba.

Inda haɗarin yake

Sake tashi da kai ba ya zuwa shi kaɗai. Yawanci yana cikin abin da ake kira yanayin gwaji, wanda kuma ke nuna cikakken bayanin kowane kuskure a kan shafi, har da sassan rubutun manhajar da tsare-tsarenta. A Flask, yanayin gwajin na buɗe wani allo a cikin burauza inda za a iya ba kwamfutar umarni kai tsaye. A kwamfutar mai aiki wannan taimako ne. A uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhaja a intanet domin jama'a, tamkar barin makulli ne a jikin ƙofa.

Abin ya faru da kamfanin Patreon na Amurka a watan Satumban 2015. An bar wata kwamfutar gwaji a buɗe ga intanet da wannan allo na Werkzeug, wanda Flask ke amfani da shi, kuma tana ɗauke da kwafin bayanan gaskiya. Kamfanin tsaro na Detectify ya ce ya gargaɗe su kwanaki kaɗan kafin lamarin. An kwashe bayanan mutane sama da miliyan 2 aka watsa a intanet. A cikin wannan shekara ce Werkzeug ya fara neman lambar sirri kafin ya buɗe allon, ko da yake masu shi sun ci gaba da gargaɗin cewa lambar ba ta mayar da shi abin amfani a bainar jama'a ba. Takardun Django su ma sun faɗa ƙarara cewa kada a yi amfani da umarnin runserver wajen yi wa jama'a hidima, domin ba a tantance tsaronsa ba.

Jarabar yin hakan tana da ƙarfi ga wanda ke aiki shi kaɗai, ga mai makaranta yana matsa masa ya ga sakamako kafin ranar ba da hutu. Umarnin da ya yi aiki a gida zai yi aiki a uwar garke, kuma gyara kai tsaye a can ya fi sauri. Amma kowane adanawa na yanke duk wanda ke tsakiyar biyan kuɗi ko shigar da maki, kuma harafi ɗaya da aka manta na iya rufe shafin ga kowa.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Tarar ta kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga ƙananan hukumomi da kamfanoni, da kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 ga manya. Sunayen yara da makinsu da lambobin wayar iyayensu duka na cikin abin da dokar ta shafa.

A uwar garke ana amfani da wasu kayan aiki ne daban, irin su systemd da Supervisor da PM2. Su ma suna sake tayar da manhaja, amma yawanci ana tsara su ne su yi haka idan ta faɗi ko idan kwamfutar ta sake kunnuwa bayan ɗaukewar wuta. Sabon gyara kuwa ana gwada shi a wata kwamfuta tukuna, sannan mutum ya ba da umarnin ɗora shi da hannunsa, a lokacin da ya san masu amfani da shafin sun yi ƙaranci.